Kumfar da ta rufe masana'anta

Jiya a lab na kunna iska ƙarƙashin bututun gilashi mai cike da yashi, sai yashin ya fara motsi kamar kunu a wuta, kumfa na tasowa tana fashewa a sama. Abokin aikina, ɗan Warri, ya ce mu ninka sakamakon sau ɗari kawai mu rubuta a furojet cewa haka babbar tukunya za ta yi. Na ce masa tsaya, wasu sun taɓa yin wannan lissafin, kuma sun sha wuya. Bari in ba ku labarin, musamman 'yan uwa masu karatun injiniyan sinadarai a nan kudu.

A 1921 wani Bajamushe, Fritz Winkler na kamfanin BASF, ya lura cewa idan iska ta bi ta ƙarƙashin garin gawayi da ƙarfin da ya isa, garin yakan koma kamar ruwa mai tafasa. A 1926 aka kafa babbar na'ura a Leuna kan wannan dabara, ana fitar da gas daga kwal. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Amurka ta matsu da man jirgin sama. Kamfanin Standard Oil na New Jersey, tare da Warren Lewis da Edwin Gilliland na MIT, suka sa garin katalis yana yawo kamar ruwa yana fasa mai mai nauyi. Na'urar farko ta fara aiki a Baton Rouge a 1942. Irinta ce aka saka a matatun Warri da Kaduna da Fatakwal.

To, a nan matsalar take: an gina na'urorin kafin a gane kumfar. A Brownsville ta jihar Texas aka kafa masana'antar yin fetur daga gas a farkon shekarun 1950. A ƙaramin gwaji komai lafiya lau. A babbar tukunya kuwa, kumfa ta samu fili, ƙanana suna haɗewa suna zama manya, babba kuma ta fi saurin tashi. Gas ya riƙa shigewa cikinsu yana ficewa ba tare da ya taɓa katalis sosai ba. A 1957 aka rufe wurin.

Ilimin daga baya ya biyo. A 1952 Toomey da Johnstone suka ce duk iskar da ta haura wadda ake buƙata don ɗaga garin, kumfa take zama. John Davidson na Kambirij ya yi lissafin yadda gas ke zagaya kumfa a 1961. Peter Rowe ya ɗauki hotonta da eksire, aka ga tana jan gari a bayanta zuwa sama, wato ita ce muciyar da ke tuƙa tukunyar. Ka ga kenan, tana da amfani tana da illa. A 1973 Derek Geldart ya raba gari gida huɗu: yashi na kumfa nan take, katalis sai ya kumbura tukuna, fulawa dunƙulewa take, manyan ƙwayoyi kamar alkama kuwa feshi suke yi sama.

Shi ya sa na ƙi yarda mu ninka. Bututunmu faɗinsa bai fi tafin hannu ba, bangonsa ne ke hana kumfar girma. Mun yi ta musu har magariba, daga ƙarshe dai muka rubuta iyakar abin da muka auna. Ranar Litinin za mu kai wa malam. Ku sa mu a addu'a, Allah Ya sa ya karɓa.