Sabon Ibadan: Yadda Addinin Gado Ya Koma Abin Riƙo

An kafa unguwar Sabo a shekarar 1916, lokacin da hukumar mulkin mallaka ta keɓe wa Hausawan Ibadan fili a gefen gari, wajen Mokola, aka kuma ɗora musu sarki daga cikinsu wanda zai riƙa sasanta rigingimu, yana sanin wanda ya sauka da wanda ya tashi. Shanu da goro ne suka tara su a wurin, musamman bayan da layin dogo, wanda ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Dukkan hajojin biyu ba sa jira, domin saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi ƙudan tsando bai kayar da ita ba, goro kuwa idan ba a kula da ganyensa da huhunsa ba sai ya lalace, saboda haka cinikin ya ginu a kan bashi da amana. Maigida, wato fatoman da ke saukar da baƙo ya ajiye masa kuɗinsa, shi ne ke tsaya masa a gaban mahauta Yarabawa, dillalansa kuma su ne ke bin bashin.

A shekaru talatin ɗin farko Musulunci a unguwar abu ne da kowa ya tashi ya tarar, ba wanda ake tambaya a kansa, ba kuma wanda yake jin akwai buƙatar ya nuna shi. Ana zuwa sallar Juma'a a babban masallacin gari bayan limami Bayarabe, akwai malamai da almajirai, amma bori ma yana da kasuwarsa, haka caca, kamar yadda aka saba gani a zangon da mafi yawan mazauna cikinsa matafiya ne da ke nesa da idon iyaye. Abin da ke riƙe da unguwar a wancan zamani dokar Bature ce, wadda ta ce Bahaushe a Sabo zai zauna, kuma a ƙarƙashin Sarkin Sabo.

Wannan jingina ce ta goce a farkon shekarun 1950, lokacin da mulkin 'yan ƙasa ya ƙarato, jam'iyyun siyasa irin su NCNC da Action Group suka shigo neman ƙuri'a, aka kuma sauya tsarin mulkin gargajiya ta yadda ikon sarkin unguwa ya rasa goyon bayan hukuma. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1951 da 1952, ɗariƙar Tijjaniyya ta mamaye Sabo. Ɗariƙa hanya ce ta tarbiyyar zuciya a hannun shehi, wannan kuwa ana danganta ta ga Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a Fas a 1815, amma reshen da ya iso Ibadan na Shehu Ibrahim Inyass ne na Kaulaha a Senegal, wanda ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga nan Kano ta zama cibiyar da almajiransa ke bazuwa tare da fatake.

Bambancin ɗariƙa da addinin gado shi ne ba a haihuwar mutum da ita. Sai baligi ya je da ƙafarsa wurin muƙaddami, wato wanda aka ba izinin shigar da mutane, ya karɓi wuridi bisa sharaɗin ba zai bar shi ba har mutuwa. Daga ranar ya ɗauki lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ga wazifa kullum cikin jama'a, inda ake zama a zagaye a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, ga kuma zikirin Juma'a tsakanin la'asar da magariba. Dillalin da ya wuni a kara yana ja-in-ja da mahauta, shi ne da yamma zai zauna gwiwa da gwiwa da maigidansa, carbi a hannu, kuma duk wanda bai zo ba an san bai zo ba. A 1952 mutanen Sabo suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa, matakin da bai yi wa shugabannin Musulmin Yarabawa daɗi ba.

Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna yana bincike a unguwar a 1962 da 1963, lokacin mutanenta sun ɗan haura 4,000, ya fassara al'amarin a littafinsa na 1969 da cewa Hausawa sun sami sabuwar katanga ce da za ta kare musu cinikin shanu da goro bayan ta Bature ta faɗi. Bayanin yana da ƙarfi, sai dai bai isa ya bayyana dalilin da zai sa mutum ya tashi da asuba yana jan carbi shi kaɗai ba, inda babu maigida babu abokin ciniki. 

Sauyin bai shafi kowa daidai ba, tunda zaman wazifa na maza ne, bori kuwa ya ci gaba da rayuwa musamman a tsakanin mata. Daga baya ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta zo tana ƙalubalantar ɗariƙun kansu, tana zarginsu da cewa su ma sun zama abin da ake gada ba tare da bincike ba, kuma wannan muhawara ta isa zangunan Hausawa na Kudu kamar yadda ta isa biranen Arewa.