Na'urar duba tsagar ƙarfe ce ta fara leƙa ƙofar zuciya

Jiya a hostel wasu 'yan medisin suna yi wa ɗan fiziks dariya, wai in ya gama sai koyarwa. Na ce su tsaya su ji tarihin sikanin zuciyar da suke taƙama da shi.

Ƙofofin zuciya, waɗanda ake kira bawul, sukan tsuke, musamman bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa magani ba tun ana yara. Har yau wannan ciwo na nan a Najeriya. Kafin a yi wa mutum tiyata dole a san iya tsukewar. A da sai an zura siririn tiyo ta jijiya har cikin zuciya, sannan a yi lissafi da ƙa'idar da Richard Gorlin da mahaifinsa, wanda injiniya ne, suka fitar a 1951.

A 1953, Inge Edler, likitan zuciya a garin Lund na Suwidin, yana neman hanya mai sauƙi. Ya haɗu da Hellmuth Hertz, ɗan fiziks. Suka aro na'urar da ake gano tsagar ƙarfe da ita a masana'antar jiragen ruwa ta Malmo, suka ɗora a ƙirji, sai ga motsin zuciya ya fito.

To amma ganin motsi daban, awon tsanani daban. Shigeo Satomura a Osaka ya nuna cewa amon sauti na iya bayyana gudun abin da ke motsi a cikin jiki. Daga baya a Norwe, Jarle Holen a 1976, sannan likita Liv Hatle da injiniya Bjorn Angelsen, suka mayar da gudun jini awo. Kamar dai ka matse bakin tiyon ruwa ne: ƙofa na tsukewa, jini na ƙara gudu. Ka ninka gudun da kansa, ka sake ninkawa sau 4, ka samu bambancin matsin jini. In gudun ya kai mita 4 a daƙiƙa a bawul ɗin babbar jijiya, tsukewar ta yi tsanani. Ƙofar mitiral kuwa, mai lafiya tana da faɗin murabba'in santimita 4 zuwa 6, in ta koma 1.5 ko ƙasa, magana ta girma.

Kun ga kusan kowane mataki sai da likita ya nemi ɗan wani fanni. Mu a nan fa, ɗan medisin sai ya shekara 6 bai taɓa taka sashen fiziks ba bayan aji ɗaya. Allah ya sa mu gyara.