Dalilin da ya sa ake shafa wa layin dogo farin fenti

Matafiyin da ya shiga jirgin ƙasa a Italiya ko Ingila lokacin zafi yakan ga wasu sassan layin dogo fari fat. Wasu na ɗauka ado ne. Gaskiyar magana, kariya ce daga zafin rana, wanda ke iya lanƙwasa ƙarfe har jirgi ya sauka daga kan layi.

Yadda zafi ke taɓa ƙarfe

Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Dogo mai tsawon kilomita 1 yana ƙara kusan santimita 1 duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri 1 a ma'aunin Selsiyos. Ƙarin digiri 30 ke nan zai kawo miƙewar da ta haura santimita 30. Ƙarfen da ke shanye a rana kuma yakan fi iskar wurin zafi da kusan digiri 20.

A da, gajerun ƙarafa ake jerawa, a bar ɗan giɓi tsakaninsu domin su samu wurin miƙewa. Wannan giɓin ne ke sa ƙarar da ake ji idan jirgi na tafiya. Layukan zamani kuwa walda ake yi musu, su zama ƙarfe guda mai tsawon kilomitoci. Da yake ba shi da inda zai miƙe, sai matsi ya taru a cikinsa. Tubalan siminti da tsakuwar da ke ƙarƙashi ne ke riƙe shi, amma idan matsin ya fi ƙarfinsu, dogon sai ya goce gefe ya yi lauje kamar maciji.

Aikin farin fenti

Baƙin abu na shan zafin rana, fari kuwa yana mayar da akasarin hasken. Duk mai sa farar riga a watan Afrilu ya san haka. Kamfanin Network Rail, mai kula da layukan dogo na Birtaniya, ya ce fentin na rage zafin ƙarfe da digiri 5 zuwa 10. Gefen dogon ake fesawa, domin samansa ƙafafun jirgi ke gogewa.

Ba duk layi ake shafawa ba. An fi mayar da hankali kan mahaɗai, inda jirgi ke sauya layi, saboda ƙarafan wurin motsi suke yi, kuma ɗan miƙewa kaɗan na iya sa su cije. Italiya ta daɗe tana amfani da wannan dabara, Siwizalan da Ostiriya da Jamus ma sun gwada ta.

Iyakar dabarar

Fentin na dusashewa da ƙura da mai, don haka sai an riƙa sabunta shi. Kuma shi kaɗai ba ya isa. A watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya kai digiri 40.3 a Ingila, an auna dogon da ya kai digiri 62. Dole aka rage gudun jirage, tunda jirgi mai tafiya a hankali bai cika takura dogo ba, wasu layukan ma aka rufe su ɗungurum.

Babbar kariyar tun wurin shimfiɗa layi ake yin ta. Injiniyoyi na ja ƙarfen su ɗaure shi daidai da wani mizanin zafi da ya dace da yanayin ƙasa. A Birtaniya digiri 27 ne, ƙasashe masu zafi kuwa suna zaɓar abin da ya fi haka. Wannan lissafi ya shafi layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, domin zai ratsa yankin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, sannan sanyin hunturu ya sa ƙarfen ya tsuke da dare.