Tori: Sunan 'Yan Tawaye a Bakin Masu Mulki

Duk mai sauraron labarun duniya ya sha jin ana kiran jam'iyyar 'yan mazan jiya ta Birtaniya da sunan Tori. A wannan maƙala za mu bi sawun kalmar, domin asalinta ba Ingilishi ba ne, daga harshen mutanen Ailan ta fito.

A harshen Ailan akwai kalmar *tóir*, wato farauta ko bin sawu, kuma daga gare ta aka sami *tóraí*, mai bin sawu, daga baya ta ɗauki ma'anar ɗan fashi ko ɗan tawaye. A shekarar 1649 Oliver Cromwell ya shiga Ailan da rundunarsa, sannan dokar 1652 ta halatta ƙwace gonakin 'yan Katolika masu yawa. Wasu daga cikin waɗanda aka raba da ƙasarsu suka shige dazuzzuka da fadamu, suna kai wa sababbin masu gonakin hari. Su ne Turawan Ingila suka kira Tori, har aka sanya lada ga duk wanda ya kama su.

Tsakanin 1679 da 1681 rikici ya ɓarke a majalisar Ingila kan ko James, ƙanin Sarki Charles na Biyu, zai gaji sarauta alhali shi ɗan Katolika ne. Masu adawa da shi suka laƙaba wa magoya bayansa Tori don su muzanta su, wato 'yan fashin Ailan. Maimakon su ƙi, sai suka rungumi sunan, zagi ya zama kirari. James ya hau gadon sarauta a 1685.

Hausawa kan ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1886, lokacin da Firayim Minista Gladstone ya kawo ƙudurin bai wa Ailan mulkin kai, 'yan Tori na cikin waɗanda suka kayar da shi. Ashe masu ɗauke da sunan korarrun manoman Ailan ne suka tsaya wa jikokinsu a wuya. Kalmar kuwa ta sake komawa gida, domin a yau *Tóraí* a harshen Ailan tana nufin ɗan wannan jam'iyya ma. Darasin da muka samu shi ne, mai mulki kan ƙwace gona, ya kuma ƙwace ma'anar kalma.