Daga Majigi Zuwa Hoto Mai Zurfi: Tarihin Neman Inda Ido Ke Kallo

Tun lokacin da motocin majigi suka fara yawo a garuruwan Arewa, masu shirya fim ke fama da tambaya guda: idan an haska hoto a allo, ina ne idon mai kallo yake sauka?

A cikin shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Legas, a kan aikin. Ra'ayinsa shi ne mutanen karkara ba su iya kallon fim ba, saboda haka sai a ɗauki hoto a hankali, kada kyamara ta riƙa motsi. Wani labari ya ƙarfafa wannan zato. An ce an nuna wa jama'a fim a kan kwashe ruwan da ke tara sauro, da aka tambaye su abin da suka gani, sai suka ce kaza. Marshall McLuhan ya kawo labarin a cikin littafinsa na 1962.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa fassarar da Turawan suka yi wa labarin kuskure ce. Alfred Yarbus, masanin ƙasar Rasha, ya auna motsin ido, littafinsa kuma ya fito da Turanci a 1967. Ya gano cewa idon kowane mutum tsalle yake yi daga wuri zuwa wuri, kuma tambayar da ke zuciyarsa ita ke ja masa gora. Haka nan abin da ya motsa farat ɗaya yakan fizgi idon kowa. Ke nan idon mutanen da suka ga kazar lafiyarsa ƙalau.

A 1998 Itti da Koch da Niebur suka tsara hanyar da kwamfuta za ta yi hasashen inda ido zai fara sauka, bisa launi da haske da karkatar layuka. Wannan ya amfani masu hoto mai zurfi, wato wanda ake ba kowane ido nasa hoton dabam, dabarar da Charles Wheatstone ya bayyana tun 1838. Matsalarsa ita ce idanu biyu sukan haɗu a kan abin da ya bayyana kusa, alhali hasken daga allo yake fitowa, sai gajiya da ciwon kai su biyo baya. Maganin da injiniyoyi suka nema shi ne a gano wurin da ido zai kalla, a daidaita zurfinsa da na allon. Duk da haka, talabijin irin wannan bai karɓu ba. Zuwa 2017 Sony da LG sun daina ƙera shi.

Darasin da ke nan ya shafi duk ma'aikacin da ke shirya saƙo domin jama'a. Idan aka ga kaza maimakon ruwan sauro, shirin ya kamata a gyara, domin ido ya yi aikinsa.