Ɗan rabbi a hannun mutum

Mu da muka shiga aikin gandun daji a jihar Tawa bayan farin 1984 ba mu tarar da rabbi ba, labarinsa muka tarar. Tsofaffin makiyaya na wajen Abalak da Cintabaradan suna siffanta shi tiryan-tiryan: siriri, mai dogayen ƙafafu da ƙaramin kai, da baƙin zane daga ido zuwa gefen baki. Ba ya ruri, ba ruwansa da mutum, sai dai idan barewa ta yi wuya ya ɗauki ɗan akuya. Gubar da aka riƙa zubawa a mushe tun zamanin Turawa don kura da dila ba ta kama shi sosai ba, tunda shi ba macin mushe ba ne. Abincinsa ne ya ƙare. Bindiga da motar kat-kat suka kwashe barewa, rijiyoyin burtsatse suka zaunar da garke duk shekara a inda da can sai da damina ake zuwa, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa sauran.

A daidai waɗannan shekarun ne wata dabara take tasowa a can nesa. A 1974 wata Ba'amurkiya, Laurie Marker, ta fara aiki a wani gidan namun daji a jihar Oregon, inda ta reni ƴar rabbi da hannunta, ta sa mata suna Khayam. A 1977 ta kai ta ƙasar da yau ake kira Namibiya don a ga ko wadda ta tashi a hannun mutum za ta iya koyon farauta. Can ta tarar masu gonakin kiwo suna harbe rabbi kamar ba gobe. Ta kafa ƙungiyarta ta kare rabbi, CCF, a 1990, ta zauna kusa da garin Otjiwarongo, kuma a 1995 aka kawo mata wani maraya ɗan makonni kaɗan, Chewbaaka, wanda ya yi shekara 16 ana nuna shi ga baƙi da ƴan makaranta da makiyaya. Shi ake kira jakada: dabbar da ba za ta koma daji ba, sai a sa ta yi wa ƴan'uwanta kamun ƙafa. Ranar 4 ga Disamba da ake bikin rabbi a duniya, ranar haihuwar Khayam ce.

Masu ganin hoto suna ɗauka wasa ne. Duk wanda ya taɓa kwana da ɗan kyanwar daji da aka kawo ofis ya san rabin aikin. Madara ce kowane awa biyu ko uku, dare da rana, kuma ta saniya zalla gudawa take sa shi. Bayan ya sha sai a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a shafa masa ƙasan ciki, domin da harshen uwa yake samun yin fitsari da kashi. Idan ya fara cin nama aka ba shi tsoka kawai, babu ƙashi babu abin da zai maye gurbinsa, ƙafafun sai su lanƙwashe, kuma ba su miƙewa. In ya rayu, to ya riga ya saba da muryar mutum. Uwa takan yi wajen shekara ɗaya da rabi tana koya wa ɗa farauta da gudun abokin gaba, wannan kuwa babu kwalbar madarar da ke bayarwa. Sake shi a daji, sai ya nufi ruga.

Ni dai a ganina an fi yaba wa jakadan fiye da aikinsa. Abin da ya rage kashe rabbi a Namibiya karnuka ne: tun 1994 CCF ke rarraba wa makiyaya manyan karnukan tsaron garke ƴan asalin Turkiyya, asara ta ragu, bindiga ta huta. Jakada ya buɗe ƙofa ne kawai, kuma ya yi amfani saboda akwai dubban danginsa a bayan shinge. Hoton ɗan rabbi a cinyar mutum yana da nasa sharrin ma. Ana kwashe jariran rabbi daga Habasha da Somaliland ana tsallakar da su zuwa gidajen masu kuɗi a ƙasashen Larabawa, da yawa suna mutuwa a hanya, waɗanda aka ƙwace kuma suka cika wuraren reno a Hargeisa.

Mu a Nijar ta wata hanya muka bi, wataƙila don ba mu da zaɓi. Binciken da aka buga a 2016 ya ƙiyasta rabbi 7,100 ne suka rage a duniya, irin namu na Sahara kuwa manyansu ba su kai 250 ba. Dokar farauta ta 1998 ta zo, na'urorin ɗaukar hoto da aka girke a dutsen Tarmit suka kama rabbi da dare a 2010, aka kafa gandun Tarmit da Tin-Tumma a 2012. Raƙuman dawa da suka koma 49 a 1996 sun farfaɗo a Kure ba tare da an reni ko ɗaya a gida ba, har a 2018 aka kwashi 8 zuwa Gadabeji, maƙwabtanmu.

Abin da ke shigowa ofis a Tawa yanzu ɗan barewa ne, ko jimina ƙarama, ko ɗan dila a cikin buhu. Mai kawowa yakan ce, "Ranka ya daɗe, maraya ne, shi kaɗai na tsince shi." Tambayarmu ta farko ita ce a ina, kuma yaushe. Uwar barewa, kamar uwar rabbi, takan ɓoye ɗa a ciyawa ta tafi neman abinci. Idan da safen nan ne aka ɗauko shi, mukan hau babur tare da mutumin mu mayar da shi gindin kalgon da ya nuna kafin rana ta faɗi.