Alhaki Kwikwiyo: Tarihin Adabin Tsoro Daga Fadar Otranto Zuwa Bagadaza

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, da zarar watan Oktoba ya kama, ganyaye suka fara zuba, dare ya fara rinjayar rana, sai masu karatu su jawo littattafan tsoro daga kanta. Al'ada ce da ta kafu har malamai na tsara darussa a kanta: a karanta tsohon littafi na ƙarni na 18 ko na 19, a haɗa shi da sabo na wannan zamani. Abin da nake son nunawa a wannan muƙala shi ne cewa wannan haɗi ya fi ƙarfin nishaɗin kaka. Tsofaffin littattafan da ake kira Gotik sun ginu ne a kan gida mai ɗaki a kulle, kuma abin da ke cikin ɗakin sau da yawa haƙƙin wani ne da aka ci. Sababbin littattafan su ne suka zo da mabuɗi. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya ya ji rabin shari'a ne kawai.

Kaka da Tsoro

Danganta tsoro da kaka bai kai adabin kansa tsufa ba. A Ingila ta ƙarni na 19, lokacin labarin fatalwa shi ne Kirsimeti. Shahararren labarin Charles Dickens mai fatalwowi, A Christmas Carol, ya fito a watan Disamba na 1843. Abin da ya jawo tsoro zuwa kaka shi ne bikin Halowin na daren 31 ga Oktoba, wanda saiwarsa ke cikin tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ailan, kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka bayan yunwar da ta fara a 1845 suka yaɗa shi a can. Marubutan Amurka ma sun share fagen: The Legend of Sleepy Hollow na Washington Irving, na 1820, da The Fall of the House of Usher na Edgar Allan Poe, na 1839, duk a kaka suka kafa labarinsu. Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Idan amfanin gona ya shiga rumbu, hannu ya huta, dare ya yi tsawo, a nan ne ake samun sukunin sauraron labarin Dodo.

Gidan Farko

An buga The Castle of Otranto a Landan a watan Disamba na 1764. Marubucinsa, Horace Walpole, ɗan Robert Walpole ne, wanda ake ɗauka a matsayin firaministan Birtaniya na farko. Da farko ya ɓoye sunansa, ya ce fassara ce daga wani littafin Italiyanci da aka buga a Naples a 1529. Da littafin ya karɓu, sai ya amsa cewa nasa ne a bugu na biyu a 1765, ya kuma laƙaba masa kalmar Gotik, wadda a lokacin take nufin tsohon yayi na zamanin ganuwa da mayaƙan sulke.

Labarin na Manfred ne, mai sarautar Otranto, wanda wani ƙaton kwalkwali ya faɗo ya murƙushe ɗansa ranar ɗaurin aurensa. A ƙarshe ta bayyana cewa kakan Manfred guba ya ba mai sarautar na gaskiya, ya ƙirƙiri wasiyyar ƙarya, ya haye gadon. Duk abubuwan al'ajabi da ke cikin fadar masu karɓar bashi ne. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Walpole ya ƙara da cewa yana bin jikokinsa ma. Wannan shi ne tubalin da kusan duk waɗanda suka biyo baya suka ɗora gini a kai: gida, gado, da laifin da aka binne.

Kasuwa ta buɗe a shekarun 1790, daidai lokacin da juyin juya halin Faransa ke sare kawunan masu gado. Ann Radcliffe ta karɓi fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho a 1794, kuɗin da ba a saba biyan marubucin ƙagaggen labari ba. Sai dai marubutan Ingila sun riƙa kai tsoronsu nesa, zuwa Italiya da Sifaniya da gidajen ibadar Katolika, kamar mugunta baƙuwa ce a ƙasarsu.

Kuɗin Rake

A nan ne tarihi ke faɗin abin da littattafan suka haɗiye. William Beckford, marubucin Vathek na 1786, ya aro sunan halifan Abbasiyawa al-Wasiƙ, wanda ya yi mulki daga 842 zuwa 847, ya mai da shi azzalumi mai haɗama da ya ƙare a fadar Iblis, zuciyarsa na ci da wuta. Ya samo salon ne daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda Antoine Galland ya fara fitarwa da Faransanci a 1704. Amma dukiyar Beckford daga ina? Daga gonakin rake na Jamaika, inda bayin da aka kwaso daga Afirka da 'ya'yansu suke aiki. Da ita ya gina katafaren gidan Fonthill, wanda hasumiyarsa ta haura mita 80, ta kuma rushe a watan Disamba na 1825. Mutumin da ya zana azzalumi a Samarra yana da nasa rinjin a ƙetaren teku.

Haka Matthew Lewis, wanda littafinsa The Monk ya girgiza Ingila a 1796. Ya gaji gonaki da ɗaruruwan bayi a Jamaika, ya ziyarce su sau biyu, ya mutu a cikin jirgin ruwa a 1818 da zazzaɓin shawara yana hanyar komawa gida. Da Birtaniya ta yi dokar 'yanta bayi a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya. Iyayen gijin aka biya. Bayin ba su ga ko anini ba.

Ɗakin da aka kulle ya fito fili a Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847. A hawa na uku na gidan Thornfield, Rochester ya ɓoye matarsa Bertha, 'yar Jamaika, wadda ya aura saboda fam 30,000 da aka haɗa ta da su. Ana jin dariyarta cikin dare, ana ganin ɓarnarta, a ƙarshe ta cinna wa gidan wuta ta faɗo daga rufinsa. A duk tsawon littafin ba a bar ta ta ba da labarinta da bakinta ba.

Sai da aka yi shekara 119 kafin a ba ta baki. Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ta fitar da Wide Sargasso Sea a 1966, tana da shekara 76. Ta mayar da labarin Jamaika jim kaɗan bayan 'yanta bayi, ta nuna yarinya mai suna Antoinette, 'yar tsofaffin masu bayi da suka talauce, wadda baƙaƙe suka tsana, Turawan Ingila suka raina. Mijinta ne ya sauya mata suna zuwa Bertha, ya mallake dukiyarta bisa doka, ya ɗauke ta zuwa ƙasar sanyi. Rhys kuwa ta rama mata: a littafinta, mijin ne ba shi da suna. Tun da na karanta su a jere, dariyar da ke saukowa daga benen Thornfield ta daina yi mini kama da hauka kawai. Ta koma muryar wanda aka hana shiga kotu.

Gawar Wa?

A watan Afrilu na 1815 dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa ta dusashe rana har Turai ta wayi gari a 1816 da sanyi da ruwa a tsakiyar lokacin zafi, amfanin gona ya lalace. A watan Yuni na shekarar, ruwa ya tsare wasu matasa a wani gida a bakin tafkin Geneva. Lord Byron ya ce kowa ya rubuta labarin fatalwa. Mary, wadda daga baya ta zama Mary Shelley, tana da shekara 18. Abin da ta fara a nan shi ya zama Frankenstein, wanda aka buga ranar 1 ga Janairu 1818 ba tare da sunanta ba. Daga wannan zama ne kuma John Polidori ya samo The Vampyre na 1819, kakan Dracula na Bram Stoker na 1897.

Victor Frankenstein ya tattaro kayan aikinsa daga makabarta da ɗakin feɗe gawa da mahauta. Littafin bai tsaya faɗin ko gawawwakin su wane ne ba, amma masu karatu na lokacin sun sani. Makarantun likitanci suna sayen gawar da aka tono cikin dare, kuma kabarin talaka ne ya fi sauƙin tonowa. A 1828, a Edinburgh, Burke da Hare sun kashe mutum 16 don su sayar wa wani malamin likita. Dokar 1832 da ta biyo baya ta halatta a ba likitoci gawar duk wanda ya mutu a gidan gajiyayyu ko asibiti babu mai karɓarsa. Wato hukuncin da a da ake yi wa mai kisan kai ya koma kan mai talauci.

Ahmad Sa'adawi na Iraƙi ya ɗauki wannan tambaya a Frankenstein fi Bagdad, wanda ya fito da Larabci a 2013, ya ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Larabci a 2014, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 2018, shekara 200 cif bayan na Shelley. A Bagadaza ta 2005, ƙarƙashin mamayar Amurka, wani dillalin tsofaffin kaya mai suna Hadi yana tsintar sassan jikin waɗanda bam ya tarwatsa, yana ɗinke su wuri ɗaya, domin a ɗauke su a matsayin mutum a yi musu sutura. Gawar ta tashi, ta shiga ɗaukar fansar kowace gaɓa da ke jikinta. Amma gaɓoɓin suna ruɓewa suna zubewa, sai ta buƙaci sababbi, har ta kai ga kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Shelley ta tambayi haƙƙin halitta a kan wanda ya haɗa ta ya gudu. Sa'adawi ya tambayi haƙƙin matattu a kan masu rai, ya kuma nuna inda fansa ke ƙarewa idan babu shari'a.

Fatalwar da Ta Dawo Gida

A Amurka, Toni Morrison ta tsaya a kan wani lamari na gaske. A watan Janairu na 1856, wata baiwa mai suna Margaret Garner ta tsere daga Kentucky da iyalinta, suka taka ƙanƙarar kogin Ohio suka haye. Da masu kama bayi suka ritsa su, ta yanka 'yarta don kada a mayar da ita bauta. Daga nan Beloved ya fito a 1987. Gidan da fatalwa ke zaune a ciki ƙaramin gida ne a gefen Cincinnati, ba shi da hasumiya, ba shi da gadon sarauta, kuma fatalwar 'ya ce da ta dawo wa uwarta. Duk kayan aikin Walpole suna nan, amma wannan karon waɗanda aka ci haƙƙinsu ne ke riƙe da labarin.

Wani zai ce na ɗora wa labarin nishaɗi kayan da ba nasa ba, cewa mutane na karanta Dracula ne don tsikar jikinsu ta tashi. Gaskiya ne, kuma wannan daɗi halal ne ga mai karatu. Ba kowane littafin tsoro ne ke ɓoye gonar rake ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke tayar da tsikar al'umma yana da dalili a tarihinta. Dracula baƙo ne daga gabashin Turai da ya sayi gidaje a Landan ta hannun lauya, ya shigo ta jirgin ruwa, a lokacin da Birtaniya ke shiga ƙasashen wasu ta jiragen ruwa da takardun yarjejeniya. Shekara shida bayan fitowarsa, a 1903, sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nufi gare mu ɗaliban adabin Hausa ba boyayye ba ne. Muna da kayan tsoro a wadace: kufai, kangon gida, tsamiyar aljanu, fatalwa, maita, tsohuwar rijiya. Muna kuma da namu ɗakin da aka kulle. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya ba da labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. An buga shi a 1934, shekara biyu kafin dokar 1936 da ta soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Mutanen da aka rubuta labarinsu suna raye a lokacin, jikokinsu kuma suna tare da mu, kuma har yau akwai gidajen da ake binciken asali kafin a ba da aure. Tun daga wancan lokaci, labarin uwar Umar yana nan ta bakin ɗanta malami mai haƙuri da ƙaddara. Brontë ta samu Rhys, Shelley ta samu Sa'adawi. Wannan uwa tana jiran wanda zai zaunar da ita ta faɗi da bakinta abin da ta gani a hanyar Murzuk.